Shekarar da Na Shanye Irin Inna

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka a Ƙaura. Ina zaune gaban kwamfuta, na bar ta tana harhaɗa wata manhaja, sai iska ta banko taga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗaki. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle, uwarsu na kwashe shanya tana yi musu faɗa. Kowa murna yake yi, ni kuwa na kasa tashi daga kujera. Duk shekara haka ruwan farko yake yi mini. Mutane na jin ƙamshin ƙasa, ni warin hayaƙi nake ji a maƙogwaro, sai kunya ta taso mini sabuwa fil kamar jiya aka yi abin.

Shekarar da nake magana, azumi bai zagayo cikin sanyi ba kamar yanzu. A ƙarshen bazara ya faɗo, lokacin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Daminar da ta wuce kuwa ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fidda kai, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Tun kafin a ga wata, a gidanmu can Birnin Tsaba, in za a ɗebo hatsi sai ƙanena Sanusi ya shige rumbu gaba ɗaya, ka ji muryarsa na fitowa daga ƙasa kamar mai yasar rijiya.

Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya, 'yan'uwana mata suna gidajen aurensu. Mu uku muka rage: Inna, da Sanusi mai riƙe da gona, da ni da aka ɗauke wa fartanya aka tura karatun kwamfuta a Ƙaura. Sunana Lawali, ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya san matan wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ne "wancan", ni ne "mutumin nan", da na tafi karatu na koma "mutumin Ƙaura". Ko ɗan maƙwabta mai suna Lawali, "mai suna" take ce masa. Ina zaune gabanta za ta dubi Sanusi ta ce, "Ka ce wa wancan tuwo na hucewa." Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka ta taras uwarta na yi wa nata ɗan farin.

A ɗakin girkin Inna, daidai saman murhu, akwai wani ɗan dami na zangarniyar gero rataye da igiya, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Irin shukarta ne. Daga Jangeru ta zo da shi lokacin aurenta, daga hannun mahaifiyarta, gajeren gero mai saurin nuna. A 'yar gayaunarta ta bayan gida take shuka shi, kuma shi ne yake fara fitar da mu daga yunwa kowace shekara: gandu na nan kore shar, mu muna gasa tumu. In an girbe ta zaɓi manyan kai ta ɗaure ta mayar sama, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Doka ce a gidan, ko yunwa ta kai ina, ba a kallon sama. A shekarar nan kuwa kowa ya san in ba a samo hatsi daga waje kafin ruwa ya sauka ba, ido zai kai can.

Ni ne na ce zan samo. Wani ɗan kasuwar hatsi a Ƙaura, Malam Ɗahiru, ya sayo tsofaffin kwamfutoci ya jera a shago, yana so ɗalibai su riƙa koyon amsa jarrabawa a kansu kafin su shiga ta gaske. Ya ce mini, "Kuɗi dai ba su hannu, amma gero akwai. Ranar da na ga tambayoyi sun fito a allon kowace, ɗauki buhu." Na koma gida na faɗa da ƙirji a buɗe, na ce kafin azumi ya yi nisa za su gan ni da buhu.

Sanusi ya yi dariya ya ce, "To, Injiniya, Allah shi kawo ka."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce wa rariya, "Allah shi ba da sa'a."

Manhajar da zan sa musu kyauta ce, amma ba dafaffiya take zuwa ba. Ɗanyen rubutu ne, sai ka harhaɗa ta da kanka a kan kowace kwamfuta. Akwai wani ɗan shiri da ke yin aikin, ni magini nake ce masa. Kafin ya fara za ka faɗa masa inda kake so a girka manhajar, wannan wurin shi ne tushe. Yana cikin aikinsa zai rubuta fayil ɗin saiti, wanda manhajar za ta riƙa karantawa duk lokacin da aka kunna ta, don ta san ina tambayoyi suke, ina hotuna suke. A samfurin fayil ɗin an bar gurabe, magini ne yake cike su da adireshi. Kwamfutocin Malam Ɗahiru babban faifansu ya cika, don haka na ce a girka a faifai na biyu, ba inda aka saba ba. Na gwada a tawa 'yar kwamfutar ta hannu, komai ya tashi lafiya lau. Na ce a raina ai an gama.

Ashe ganin hadari ne, ba a kai ga wanka ba. A kwamfutocin shagon manhajar za ta buɗe, ta yi maraba, sannan allo ya yi fari fat, ta ce ba ta ga tambaya ko ɗaya ba.

Haka na shiga azumin. Wuta babu, sai an yi azahar Malam Ɗahiru yake kawo ɗan man janareta, in ya ƙare an tashi aiki sai gobe. Da safe in zauna ƙarƙashin kwanon shago ina tunani, kwanon na ƙara don zafi. Kafin azahar leɓena ya tsage, gumi na ɗiga a kan madannai, in goge da hannun riga. In janareta ya tashi sai zafinsa da hayaƙinsa su haɗu da na rana. Wajen la'asar haruffa su fara rawa a idona, in karanta layi ɗaya in manta na sama da shi. Na sake harhaɗawa ban san iyaka ba. Na zargi faifai na canza, na zargi waya na canza, har zafin garin na zarga. Na buɗe fayil ɗin saitin nan ba sau ɗaya ba, na karanta layin da ke nuna inda tambayoyi suke, na ga daidai yake, na rufe.

Ɗalibai su leƙo ta ƙofa su koma. Malam Ɗahiru kuwa ba ya faɗa, tsokana yake yi, kuma wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya shigo yana fifita da hula ya ce, "Injiniya, yau ma farin allo muka samu? In farin allo ne ai akwai alli a kasuwa."

A shagon nake kwana. Abin buɗa-baki kuwa, a masallacin layin ana raba kunu, amma ni da aka sani da riƙe jakar kwamfuta, in miƙa kofi cikin layi? Sai in tsaya nesa kamar mai jiran wani, in an watse in sha ruwa in ci abin da ya samu. Girman kai da yunwa a ciki ɗaya, ba su taɓa zama lafiya ba.

Ana nan sai ga Ɗan'iya, direban da ke bin hanyar Zurmi zuwa Ƙaura, mutumin garinmu ne, tare suka taso da mahaifina. Ya miƙo mini wani ƙulli a tsumman zane ya ce, "In ji tsohuwa. Ta ce a ba mutumin Ƙaura. Kuma ta ce kada Sanusi shi ji." Garin kunu ne da 'yar tsamiya. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai ƙullin ya iso. Bayan asuba take fitowa bakin hanya, kafin gari ya tashi, ta miƙa ta koma. Ba ta son Sanusi ya san tana rage bakin gida, ba ta kuma son duniya ta ce ta damu da ɗan fari.

Na ji kunya, amma na karɓa. In rana ta kusa faɗuwa in kai wa mai shayin bakin layi ya dama mini a wutarsa, in zagaya bayan shago in sha inda ba mai ganina. Ni da na fito nemo musu buhu, ga shi ana ciyar da ni daga rumbun da aka share da tsintsiya. Kowane kurɓi sai na ce gobe zan gama, gobe kuma ta zo ta same ni da farin allo.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi walƙiya, iska ta kwashe shi. Sanusi ya kira ni a waya ya ce an gama sassabe, an kai taki, wasu har sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ikon Allah.

"Kai fa, yaushe?"

"Saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan. Mu nan mun koma ganyen tafasa da dusa. Inna ta ce a tambayi mutumin Ƙaura ko yana samun abin buɗa-baki."

Na ce ina samu. Ban yi ƙarya ba, amma da na ajiye wayar sai da na daɗe ban iya duban kowa ba.

Ranar kasuwar da ta biyo ba Ɗan'iya ne ya zo ba. Wani dogon mutum ne, baƙo, ya tsaya bakin shago kafin azahar da ƙulli a hannu yana tambaya, "Wane ne Lawali na Birnin Tsaba?" Na ce ga ni. Ya ce motar Ɗan'iya ta lalace, shi ne yake ɗaukar layin, daga Shinkafi yake. Ya miƙo mini ƙullin yana dariya, mutum ne mai son hira.

"Kai, tsohuwar nan ta ba ni aiki yau! Ta tsai da ni ta ce in kai wa mutumin Ƙaura. Na ce, Inna, Ƙaura ai cike take da mutane, wanne? Ta ce wancan mai kwamfuta. Na ce masu kwamfuta sun yi yawa, ɗan wa? Ta ce ɗan marigayi mai gidanmu. Na ce to shi marigayin mi sunanshi? Shi ma ta ƙi faɗa. Lambar waya, ba ta da ita. Na ce, Inna, ku da kuka san juna kuna gane wancan da wannan, ni baƙo ne. Na taɓa kai saƙo inda ba nan ba aka ce na ci amana, in babu suna ba ni ɗauka."

Na ce, "Sai wa ya faɗa maka?"

"Wa kuwa? Ba kowa a wurin sai fasinjojina, su ma baƙi. Na tada mota zan wuce, sai ta riƙe ƙofa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba, ga ƙarar inji. Sai ta sake faɗa da ƙarfi, duk mota aka ji. Ta juya ta tafi ko sallama babu. Kakarka ce?"

Na ce, "Mahaifiyata ce."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya gane. Ya ce, "Kai ne na fari?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Subhanallahi. Wallahi ban sani ba." Ya tafi yana girgiza kai.

Shekaru nawa ina raye ban ji sunana a bakinta ba, sai ga shi ta faɗe shi a bakin titi, gaban baƙi, har sau biyu, don kada in kwana da yunwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na shiga shago na kwance ƙullin don in ba hannuna abin yi. Garin bai yi kama da na baya ba, ya fi duhu. Na kai hanci. Hayaƙi. Ba na murhun da aka dafa abu a kai yau ba, tsohon hayaƙi ne wanda ya shekara yana shiga ƙwaya. Gero ɗaya ne tak a gidanmu mai wannan warin.

Na zauna a ƙasa da ƙullin a cinya har aka kira azahar.

Da janareta ya tashi na buɗe fayil ɗin saitin don ban san abin da zan yi ba kuma. Maganar direban na yawo a kaina: ku da kuka san juna kuna ganewa, ni baƙo ne. Na dubi layin nan da na sha karantawa. Inda ya kamata a ga cikakken adireshin tambayoyi, daga faifai na biyu har zuwa foldarsu, ba shi aka rubuta ba. Alamar dala ce, da baka biyu, da kalmar da ke nufin tushe a tsakiyarsu, sannan sauran adireshin. Wato magini ya cike gurbin, amma da wani gurbin ya cike shi. An tambaye shi ina tambayoyi suke, ya ce suna ƙarƙashin tushe, bai faɗi ina ne tushen ba, don shi ya sani. Ni ma na sani, shi ya sa duk lokacin da na karanta, idona yake cike wurin da kansa in ga daidai. Tawa kwamfutar ma ta sani, don tun ina makaranta na taɓa gaya mata abin da kalmar take nufi na manta. Manhajar ce kaɗai ba ta sani ba. Ita tana can tana neman wata folda mai suna alamar dala da baka biyu, wadda babu ita a duniya.

Gyaran bai kai tsawon alwala ba. Na ƙara wa magini umarni: bayan ya cike gurabe, ya sake bi ta kan fayil ɗin, duk inda ya ga tushe ya rubuta ainihin wurin baro-baro, har sai ba sauran gurbi. Na sake harhaɗawa, na kunna. Tambayoyi suka cika allo.

Malam Ɗahiru ya yi kabbara, ɗalibai suka cika ƙofa, wani har da tafi. "Injiniya ya tabbata Injiniya!" Ni ko murmushi na kasa. Layi ɗaya, jama'a. Layi ɗaya ne ya zaunar da ni har hannun Inna ya kai sama.

Da magariba na kai garin wajen mai shayi. Me zan yi da shi? An riga an daka, gari ba ya tsira. Na zagaya bayan shago na sha, yana ɗaci-ɗaci yana ƙamshin ɗakin girkinmu, hawaye na zuba cikin kofin, kuma ban fasa sha ba, don yunwa nake ji.

Sauran kwamfutocin sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, man janareta kuma ya ƙare kafin in kai ƙarshe, dole na kwana. Washegari ina kan ta ƙarshe hadari ya haɗo, wannan karon bai watse ba. Iska ta fara, sai ɗigo manya-manya a kan kwano, sai aka kece kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suna tara hannu suna hamdala, masu azumi suna barin ruwa na dukan fuskarsu. Malam Ɗahiru ya cika alkawari, ya sa aka fito da buhu mai kyau. Amma mota ba ta tashi ba sai da gari ya waye.

Tun daga garin Ɗan Isa har gida gonaki cike suke da mutane. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, ga azumi a baki amma ba mai tsayawa. Ƙasa ta yi laushi, sama ta wanke. Na sauka da buhuna, na bi ta bayan gida. Gayaunar Inna tana nan a share, an kai mata taki, ba sawun kowa a ciki.

Na taras da Sanusi ya dawo daga gandu, laka har gwiwa. Ya taya ni sauke buhun, bai ce Injiniya ba. Ya ce, "Na je ɗauko mata irinta jiya, na taras igiya kawai. Ta ce ƙwari suka cinye." Ya dube ni. "Shekara da shekaru ƙwari ba su ci ba sai bana." Bai ƙara ba, har yau kuwa bai sake tada maganar ba.

Geron Malam Ɗahiru muka zuba a gayaunar. Ya fito, ya yi kyau, amma dogo ne, tare da na gandu ya nuna, shekarar ba mu gasa tumu da wuri ba, kuma ba mu sake ba. Daga baya da hannuna ya ɗan buɗe na je har Jangeru neman irin. Dangin Inna sun watse tun da hanya ta lalace saboda rashin tsaro, waɗanda suka rage suka ce sun daɗe da komawa irin kasuwa. Yanzu buhu bai fi ƙarfina ba, duk wata ina aikawa. Duk manhajar da zan harhaɗa kuma sai na buɗe fayil ɗin saitinta na karanta shi kamar ban san kowa a garin ba. Amma ba rashin irin ne ya fi tsaya mini a rai ba, abin da ta ce ranar da na dawo ne.

Da na shiga na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, kamar kullum. Ban yarda na ɗaga kai sama ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Da aka sha ruwa ta dama kunu daga sabon buhun, ta ce wa Sanusi, "Miƙa wa baƙon." Muka sha. Sanusi ya tashi ya tafi masallaci, ni na tsaya ɗaure takalmin da ba ya buƙatar ɗauri, ina neman ta inda zan fara. Tana kankare tukunya, ta ba ni baya. Sai na ji ta ce wa tukunyar, a hankali:

"Mutanen Ƙaura su yi haƙuri da kunun ƙarshen nan. An wanke, an sake wankewa, hayaƙin ya ƙi fita."

Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Na ce, "Ya shawu, Inna."

Gaskiya kuwa na faɗa mata, don ko cokali ɗaya ban rage ba.